Wuƙar Aljihun Maigida

Har gobe in na ga namiji a kasuwa yana juya wuƙa a hannu yana yaba kyan ƙotarta, sai in ji raina ya ɓaci. Da ƙota ake yanka? Ni ɗiyar mahauci ce, a cikin ƙarar wasa wuƙa na buɗe ido, kuma abin da na gani da mijina ya ishe ni darasi har kabari. Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. An ce a faɗi alherin mamaci, to na faɗa: bai taɓa dukana ba. Sauran kuwa sai na faɗe shi yadda ya faru.

Zamanin Nasara ne. Ƙauyenmu yana arewa da Dogon Dutsi, kan hanyar Matankari, tafiyar da in ka fita bayan asuba hantsi zai same ka a kasuwa. Maigidana manomi ne kamar kowa, amma shi bai yarda ba. Yana da tsagen Arewa daga baki har kunne, kuma kakan kakansa wai ya taɓa riƙe sarautar wani gari da babu wanda ya san inda yake yanzu. Da wannan yake taƙama. Da rani ya samu aiki a barikin kwamanda, yana yanko wa dawakin gardi, wato dogaran Nasara, ciyawa yana kwashe kashinsu. In ya dawo gida kuwa, ka ji shi a bakin masallaci yana cewa "mu mutanen bariki", sai ka rantse shi ke yanke hukunci.

'Ya'yanmu uku a lokacin. Babbar mace ce, ta fara famfara, sai ƙannenta maza biyu. 'Yar fari ce, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Haka al'ada ta ce, haka na yi. Amma Allah ya sani, cikin ukun ita ce raina.

Yayar maigida tana aure a Dogon Kiriya, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma tun yarinyar tana goye ta sa mata ido. Ba muguwar mace ba ce, kada in ɗauki alhakinta. Ɗiyar ƙaninta ce, tana da iko ta nemi riƙonta, ni kuwa ba ni da bakin da zan ce a'a, don uwar da ta nuna son 'yar fari abin dariya ce. Sai dai dabara. Bana in ce wa zai goya mini ƙaninta, baɗi in ce tana tari. A shekarar da nake ba da labari damina ta baya ba ta yi kyau ba, ga abin da aka auna aka kai rumbun Nasara, sai yayar ta zo da bazara ta leƙa rumbunmu da idonta. A gabana ta ce wa ƙaninta, "Hatsin ga ba ya kai ku kaka. Ka ba ni yarinya, baki ɗaya ya ragu."

Na ce, "Yaya, ai akwai saniya."

Jar saniya ce da uwata ta ba ni, ta haihu ba da daɗewa ba, tana da nono sosai. Da nonon da man nake samo hatsi da dusa a kasuwa. Yayar ta dube ni ta yi murmushi, don ta san abin da nake ɓoyewa. Aka tsaya a kan magana ɗaya: in mun kai sabon hatsi da abin da muke da shi, yarinya ta zauna. In tukunya ta kwana ba wuta kafin nan, ta aiko a ɗauka. Maigida ya ce ya yarda, yana sakace haƙori. Tun daga ranar, duk safiya in na durƙusa tatsa, na san abin da nake tatsa.

To, ga maganar wuƙa. Kowane namiji a ƙasarmu yana da wuƙar damtse a kube, da ita yake yanka, da ita yake fiƙe ƙota, da ita yake gyara igiya. Ta maigida gadon ubansa ce, ƙirar maƙeran Matankari, baƙa, mummuna, ƙotarta ta sha gumi har ta yi santsi. Ubana da kansa ya taɓa gwada ta ya ce wannan wuƙa ce. Amma a ƙofar bariki gardi kan sa mutanen ƙauye su tuɓe wuƙaƙensu su ajiye, su kuwa masu rubutu da tafinta suna da wata 'yar wuƙa mai naɗewa da suke sakawa a aljihu, kanif suke ce mata. Da ita suke fiƙe fensir, su ɓare goro, su gyara farce. Maigida ya gani, barci ya ƙaurace masa. Da farko ya kai taguwarsa wajen maɗinki aka liƙa mata aljihu a ƙirji, da wani ƙyalle da launinsa bai ma yi daidai da rigar ba. Sannan ya bar farcen ƙaramin yatsansa ya yi tsawo, don ya ga haka masu rubutu suke yi. Mai kwasar kashin doki da farcen akawu. Sati biyu aljihun nan yana yawo wayam yana jiran wuƙa.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi na sayar da nonona da wuri, na zo wucewa da ƙwarya a kai sai na gan shi tsugune gaban wani ɗan koli da ya zo daga wajen Birnin Kabi. Ya baza allurai da madubai da kwaɗuna a tabarma, ga wuƙaƙen naɗi a gefe guda. Ba al'ada ba ce mace ta tsaya kan cinikin mijinta, amma da na ga ya kwance wuƙar ubansa daga damtse ya ajiye a tabarmar, ƙafata ta ƙi tafiya.

Iri biyu ne a gaban ɗan kolin. Ɗaya ƙotar itace gare ta, ba ado ko ɗaya, ruwanta ya kai tsawon tafin hannu da yatsu, kuma a wuyanta akwai wani zoben ƙarfe da in ka buɗe ta ka murɗa shi, ta tsaya cak, ba ta komawa sai ka warware. Ɗayar gajera ce, ƙotarta ja mai sheƙi kamar an lashe, ruwanta fari fat. Cikinta kuma tarkace ne: ga ɗan almakashi, ga wani tsinke, ga wani ƙarfe murɗaɗɗe kamar wutsiyar alade. Wannan ce a hannun maigida. Yana buɗewa da dogon farcensa, tana cewa ƙas, yana rufewa, tana cewa ƙas, yana washe baki.

Na ajiye ƙwarya na ɗauki mai ƙotar itacen. Yadda ubana yake yi na yi. Na goga bakinta a farcen babban yatsa, ta kama, ba ta zame ba. Na aske gashin hannuna da ita. Na murɗa zoben na buga bayanta a turken rumfa, ko motsi. Na kama ruwan na girgiza hagu da dama in ji ko ƙusar tana da wasa, babu. Ƙarfen mai duhu ne, irin mai tsatsa in an bar shi da ruwa, amma irinsa ne ke karɓar washi a kowane dutse. Sannan na miƙa hannu na karɓi jar. Bakinta ya zame a farce kamar cokali. Na danna bayanta da yatsa ɗaya, ɗaya tak, ta naɗe.

Na ce, "Maigida, in dai sai ka sayi mai naɗewa, ga wuƙa nan. Waccan kallon kitse kake yi wa rogo."

Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa ɗan koli, "Ka ji ɗiyar mahauta. Su komai sai su auna shi da wuyan akuya."

Ɗan kolin ma, duk da shi mai neman ciniki ne, ya fi maigida tsoron Allah. Ya ce, "Gaskiya ranka ya daɗe, jar ta goro ce da gyaran farce. In ta aiki kake so, uwargida ta zaɓa maka." Wannan "ranka ya daɗe" ita kaɗai maigida ya ji a maganar. Ya tambayi amfanin murɗaɗɗen ƙarfen, aka ce masa na buɗe kwalbar giyar Nasara ne. Mutumin da ko ƙofar gidan giya bai taɓa bi ba, sai ya gyaɗa kai ya ce lallai irin ta tafinta ce. Ya ɗaga ruwan wuƙar ya kalli tsagensa a ciki, ya gyara hula. Ya bar wuƙar ubansa a tabarma, ya ƙara da abin da ya ƙara, ya jefa jar a aljihu. Na ce ya daure ya riƙe wuƙar gado a gida saboda wata rana. Ya ce mutumin bariki ba ya ajiye kayan ƙauyanci.

Wata biyu muna shan kallo. Goro ɗaya sai ya yanka shi gida takwas don a ga wuƙa. Yara su taru, ya fito da almakashi ya yanke zaren da bai dame shi ba. Igiya kuwa in ta kama a yanke, sai ya aiko a karɓi wuƙar girkina. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, haka na ce a raina, ban san hohon a kaina zai sauka ba.

Damina ta sauka, muka yi shuka, hatsi ya kai gwiwa, sai ruwa ya ɗauke. Rumbu ya ƙare tas, ko ɓera ya daina shiga. Saniyar nan kaɗai ke riƙe da gidan. Nono in kai, hatsi in kawo, in haɗa da dusa da ganyen tafasa, tukunya dai ba ta kwana ba wuta. Ina lissafin kwanakin da suka rage a fara cin tumu, ina ganin za mu kai.

Ranar muna maimai a gonarmu ta bakin fadama, nesa da gari, ni da shi. Na ɗaure saniyar a gindin wani gawo. Ban san lokacin da igiyar ta tsinke ba. Da na ɗaga kai na hango ta cikin dawar maƙwabcinmu, dawa 'yar ƙarama da rashin ruwa ya sa ta yi yaushi, kuma duk mai dabba ya san irin wannan dawa dafi ce. Kafin in kai ta koro kanta waje tana tangaɗi. Cikinta ya kumbura ta hagu kamar ganga, kumfa na zuba a baki, ƙafafu na rawa. Ta durƙusa, ta kwanta.

Na ga irin wannan a gidan ubana ba sau ɗaya ba. Na san ba ta tashi. Ban tsaya kuka ba, don akwai abin da ya saura. Saniya in an yanka ta da ranta, nama ce. Mahautan Dogon Dutsi mutanen ubana ne, za su karɓi naman da fatar su ba ni hatsin da zai kai mu kaka har da saura. In kuwa rai ya fita kafin wuƙa ta gama aikinta, mushe ce, ko kofato ba mai taɓawa. Kuma yanka yana da ƙa'ida da yaro ma ya sani: maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, a ja ɗaya, ba a ɗaga hannu sai an gama.

Na ce, "Maigida, kawo wuƙa, za ta tafi."

Ya zo yana lalubar aljihu. Na kama ƙahonta na murɗa kan ya dubi alƙibla, na danne da gwiwa, na ja fatar wuyan ta miƙe. Ya buɗe, almakashi ya fito. Ya rufe ya sake buɗewa, wutsiyar aladen ta fito. A na uku ya samu ruwan wuƙar. Ya yi bisimilla ya ɗora.

Fatar wuyan saniya ba goro ba ce. Ya goga, ya goga, da ƙyar ta tsaga fata, jini ya fara tsartuwa. Na ce ya danna. Da ya ga bakin ba ya ci sai ya karkata hannu ya soka tsinin don ya huda, ya sa ƙarfinsa duka. Saniyar ta fizge kai sau ɗaya. Wuƙar ta ce ƙas, ta naɗe a kan yatsunsa.

Ya saki. Ya yi tsalle baya ya zauna daɓas a kan kunyar gona, ya cusa yatsu a baki yana salati. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Wuƙar ta faɗi cikin jini a rufe, wuyan saniya an yanka rabi, tana numfashi ta cikin raunin.

A garinmu mace ba ta yanka. Ban damu ba, na saki ƙaho na wawuri wuƙar. In an mayar da hannu nan take, malamai sun ce yanka ya yi. Sai dai wuƙar nan ba ta buɗuwa sai da farce, wata 'yar tsaga ce a gefen ruwan da za ka sa farce ka ja. Ni kuwa ina na ga farce? Turmi da hauya sun cinye su har nama. Ga jini ya sa ta santsi. Na gwada da yatsa, na gwada da haƙori har leɓena ya tsage. Na miƙa masa na ce ya buɗe mini da farcen nan nasa da ya yi wata uku yana kiwo. Ya ce in duba in gani, ƙashi ya fito. Ƙashi bai fito ba. Yatsu biyu ne suka yanke, irin yankan da nake yi wajen yanka kuɓewa in ɗaure da tsumma in ci gaba.

Na yi kururuwa. Wani dattijon Bafillace da ke kiwo a hayin fadama ya ji, ya taho da gudu, tun daga nesa ya zare wuƙar damtsensa. Ya durƙusa ya taɓa idon saniyar, bai ƙifta ba. Ya ja wutsiya, ya ɗaga ƙafa ya saki. Sai ya mayar da wuƙarsa kube.

Ya ce, "Ta riga mu. Allah ya mayar miki da alheri, ɗiyata."

A nan maigida ya cire yatsu daga baki ya samu abin faɗa. Ya ce, "Baffa, ai jini ya zuba. Ka ƙarasa kawai, mu uku ne a nan, wa zai sani?"

Dattijon ya dube shi, ya dubi jar wuƙar da ke hannuna, ya tofar da yawu gefe, ya koma wajen shanunsa. Wallahi tofin nan ya fi mini duk wata ta'aziyya da aka yi mini daga baya.

Muka bar ta a nan. Kafin la'asar ungulaye sun rufe ta. Ɗan maraƙin na ba Bafillacen ya haɗa da wata saniyarsa, bai yi sati ba shi ma ya bi uwarsa.

Washegari maigida ya tafi gidan likita a Dogon Dutsi, aka naɗe masa hannu da farin ƙyalle har wuyan hannu, aka rataya masa a wuya. Ya dawo ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Mutane suna zuwa suna yi masa sannu, yana ba da labarin yadda saniya ta yi faɗa da shi, yadda likitan Nasara da kansa ya ce da wani ne da hannun ya tafi. Ya zagi dawa, ya zagi igiya, ni ma ya ce ban riƙe kan da kyau ba. Wuƙar kuwa ya sa yaro ya wanke ta, ya mayar aljihu. Ya ce ai ba laifinta ba ne, ba a yi ta don aikin mahauta ba. Wannan ita ce gaskiya ɗaya da ya faɗa a makon, kuma ɗan koli ya riga shi faɗa.

Na yi abin da zan iya. Na sayar da tasoshina, na shiga daji tsinkar ganye, na yi wa mutane daka don a ba ni dusa. Amma ƙauye ba ya ɓoye hayaƙi. Ranar da tukunyata ta kwana a kife, maƙwabta sun sani, kuma kafin kasuwa biyu labari ya kai Dogon Kiriya. Hatsi ya riga ya fitar da kai a gona, kwana kaɗan ya rage a fara karya tumu.

Yayar ta zo da kanta, da jaki da buhun hatsi rabi, don ta san halin da ƙannen yarinyar ke ciki. Ta gaishe ni da mutunci, ta yi mini jajen saniya, ita kaɗai ce a danginsu ta yi. Ba ta tuna mini alkawari ba, ni ma ban sa ta tuna ba. Na wanke wa yarinyar zanenta, na yi mata kitso da dare ya yi kusa, ina ja da ƙarfi. Ta ce, "Inna, da zafi." Na ce ta yi mini shiru.

Da safe aka ɗora ta a jaki. Matan gida sun fito rakiya, ubanta yana gaba da hannunsa a rataye yana ba jaki umarni. Uwar 'yar fari ba ta rakiya, ba ta kuka, ba ta ko ɗaga kai. Na zuba hatsin da yayar ta kawo a turmi, na juya wa ƙofa baya, na kama daka. Na ji ta kira ni sau biyu daga bakin zaure. Ban waiwaya ba, kuma matan suka yaba, suka ce lallai ina da kunya.

An ce sai kaka za ta dawo. Kaka ta zo, aka ce sai ta ƙara wayo. A can ta girma, a can aka yi mata aure, yayar ce ta yi mata gara, ita ce ta zauna mata wankan jego. Tana zuwa gaishe ni duk shekara, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta tambayi lafiyata da ladabi, ta ajiye mini goro da sabulu. In za ta tafi takan ce, "Bari in koma, na bar Inna ita kaɗai a gida."